Gidan Kifin Da Kowa Ya Ƙi

Zuwa ga ƙanena Ɗanlami, a Zangon Kumasi.

Da sunan Allah nake farawa. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri daga yayarka Barira. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka da ƙoshin lafiya, ya tsare ka daga ciwon Kurmi da wulaƙancin baƙunta, ya sa albarka a dakon goron da aka ce kana yi. Mu nan da sauƙi. Ƙafar Inna ta lafa, har tana fita tsakar gida ta yi wa kaji faɗa. Ƙanwarmu Balkisu ta sauka lafiya, mace, an sa mata Batulu. Geron bara ya kai mu, wake ne dai tsutsa ta raba mu da rabinsa. Ka yi haƙuri da rubutun, da hannuna na yi shi da ɗan abin da na tsira da shi na allo, domin maganar da ke ciki ba wadda zan kai wa malamin kasuwa ya rubuta mini ba ce.

Iro ya rasu. Iro maƙwabcinmu, mijin Zinariya, abokin kaciyarka. A ranar su na bana ne, ranar kamun kifin gari duka, da gulbi ya janye tafki ya ja baya, sarkin ruwa Na'Allah ya buɗe wa kowa. Gari ya fita kamar kullum, har da mutanen Gidan Sori, mu mata muna baki da ƙwarya muna guɗa. Iro ya nufi zurfin nan na gabas da tsohuwar kurna, ya saki gorarsa ta iyo, ya nutsa da homarsa ta kamun kifi. Kowa ya san numfashinsa, shi ya sa ba wanda ya damu. Sai da aka ga gorar tana yawo ita kaɗai, iska na tura ta bakin ruwa, sannan aka fara kiran sunansa. A cikin tarin ƙaya aka same shi, igiyar layunsa ta sarƙe, fatar hannuwansa duk ta yage wajen neman fita. Ni na riƙe Zinariya da aka fito da shi, kuma har yau ina tuna nauyinta a jikina.

Ka san ƙa'idar tafkin nan, amma bari in tuna maka, tunda ka yi kamar ba a gabanka aka yi ta ba. Ruwa na kowa ne, Allah ya zuba shi. Amma wanda ya sha wahala ya saro rassa, ya ɗaura musu duwatsu ya nutsar don kifi ya samu wurin fakewa, to wannan gidan kifin nasa ne. Kalgo ake sawa ko sabara, abin da ba ya riƙe mutum. Sai ya kafa doguwar sanda a kai da tsumman gidansu, kowa ya gani. Mai wucewa ya ja nesa da sanda, in kuwa ƙugiyarsa ta yi sa'a a kusa, ya aika wa mai gidan da tarwaɗa ɗaya ya ce ga ta sanda. Ranar su babba a shiga tare, a ci tare. Sandar nan ba ta nuna arziki ba ce kawai, ita ce ke gaya wa mai nutso inda zai yi hankali.

Ba zan ce ba a cuce ka ba. Shekarar da aka ce Nasara sun tafi mun samu mulkin kai, samarin garin nan suka fahimci abin a kan tafki tun kafin su fahimce shi a ko'ina. Suka ce yanzu ba sauran nawa da naka a ruwa. Gidan kifinka na farko, mai sanda da jan tsumma, suka yashe shi tas, ko karfasa ba a aiko maka ba, kuma da ka kai ƙara aka yi ta ba ka haƙuri kamar haƙuri ake miya da shi. Na ga ɓacin ranka. Amma na kuma ga abin da ka yi da shi. Ka ce tunda sanda ce ke kiran ɓarayi, za ka yi wanda ba sanda. Ka ce tunda kalgo ba ya yaga taru, za ka sa sarƙaƙiya da farar ƙaya. Ni na cire maka ƙayar a tafin ƙafa da allura, ina yi maka faɗa kana dariya, kana cewa kaka ɗaya za ka ci ka kwashe. Kaka ba ta zo ba ka bi ayarin Kurmi, ka bar shi a ƙarƙashin ruwa.

Kifi kuwa ya so gidan nan naka. Bara Chindo ya gano wurin da ƙugiya, Tala ma ya gano, sai ga su a gaban sarkin ruwa kowa na rantsuwa shi ya nutsar da rassan. Chindo har kafaɗarsa ya nuna wai ga tabon dako. Tala ya ce jakinsa ne shaida, kuma da jakin na magana da ya kawo shi. Aka raba musu kwana, wannan yau wancan gobe, suka ci tarwaɗa har wuyansu ya yi kauri. Cikinsu ba wanda ya kafa sanda, don kowa na tsoron ta jawo na uku. Ba kuma wanda ya taɓa nutsawa ya ga abin da ke ƙasa, daga kan gora suke jefa ƙugiya su ja.

Bayan addu'ar bakwai aka taru a ƙofar mai gari, mu muna jin komai ta bayan danga. Na'Allah ya tambaya wane ne mai gidan kifin. Chindo ya ce shi dama tsintuwa ya yi, tabon kafaɗa kuma na ƙaramin ƙurji ne. Tala ya ce shi bin Chindo ya yi. Abin da aka yi rantsuwa a kansa bara, bana aka rasa mai ɗaga masa ido. 'Yan'uwan Iro suka ce in ba mai shi, za su kai maganar buro, ofishin hukuma a Tibiri, jandarma su zo su nemo shi. Sai wani daga baya ya fara cewa shi dai shekaran bara ya ga wani na jan ƙaya ta hanyar fadama, kuma in ya tuna da kyau... Bai ƙarasa ba Baba ya miƙe, yana dogara sandarsa, ya ce, "Ku bar biɗa. Gidanga nau na. Ni na sa shi, ni na mance sanda."

Ɗanlami, mutumin da bai taɓa cin kifin sandar wani ba, mutumin da ya koya wa rabin garin nan ɗaurin dutse, shi ya tsaya ya ce ya mance sanda. Ba wanda ya yarda, na gani a fuskar Na'Allah, amma an samu mai shi, kuma kowa ya ji sanyi ba a kira sunan ɗansa ba. Hukunci ka san shi. Mai gidan kifi shi ke kwashe gidansa da hannunsa, ba a taya shi, kuma in ya gama ya bar ruwa ke nan har abada. 'Yan'uwan Iro suka yarda su bar zancen buro in an kwashe ƙayar kafin gulbi ya dawo. In ruwan sama ya riga shi, ba ruwansu da tsufa.

Yanzu kullum da hantsi Baba na tafki. Yakan shiga har ƙirji, ya ja numfashi, ya nutsa, ya fito da reshe ɗaya ko ya fito hannu banza. Ƙayar ta jiƙa ta yi nauyi, laka ta riƙe duwatsun, kai kuma ka ɗaure su ɗaurin da ya koya maka, wanda ba ya kwancewa. Ina tsayawa a baki ina kallon inda ya nutsa, ba ni da abin yi sai salati. Da yamma in cire masa ƙaya da allurar nan dai. Tari ya kama shi, hannuwansa sun kumbura har tuwo Inna ke ba shi a baki. Bai ci rabin aikin ba, ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Mijina ya so ya shiga, Baba ya ce in ya taɓa ruwan bai yafe ba. Tsoro nake ji, ƙanena. Ina tsoron ranar da zan ga ruwan ya kwanta bai fito ba.

Zinariya ba ta zagi kowa ba. Tana takaba, in Baba ya wuce ta ƙofarsu sai ta juya baya ta ja 'ya'yanta ciki. Ranar nan na kai mata fura, ta karɓa ta ajiye, ta tambaye ni yaushe Ɗanlami zai dawo. Na juyo gida.

Baba ya ce in na samu mai zuwa Kurmi in aika maka cewa kowa lafiya, ka zauna abinka sai magana ta mutu. Na isar da saƙonsa, ba ni da nauyinsa. Nawa daban ne. Na san in ka zo ka faɗi gaskiya za a raba ka da ruwa, za a daɗe ana nuna ka da baki, wataƙila Zinariya ba za ta sake amsa gaisuwarka ba. Duk na auna, kuma ba su kai numfashin tsohon nan ba. Ishaku mai fataucin goro da zai ba ka takardar nan ba zai daɗe ba zai juyo, ka biyo shi.

Inna na gaishe ka, tana tambaya ko kana samun fura a can. Balkisu da mijinta da jaririya suna gaishe ka. Ka gaishe mini da Kawu Musa da ya sauke ka, da matarsa Binta, Allah ya saka musu. Abu ɗaya ya rage ban faɗa maka ba. Washegarin hukuncin Baba ya yage bakin rawaninsa, ya ɗaura a doguwar sanda, ya kafa ta a kan ƙayarka don kada wani ya sake nutsawa a wurin. Duk mai zuwa tafki yana ganinta, har baƙi na tambaya ta wane ce, ana faɗa musu sunan ubanmu. Ka zo ka cire ta.

Allah ya kawo ka lafiya, ya sa ka tarar da shi.

Yayarka,
Barira