As Biyun da Uwaisu Ya Zubar

Mount Hope, Bronx

Uwaisu,

Assalamu alaikum. Ya aiki? Gaisuwar ke nan, ba zan ƙara ba, don raina a ɓace yake. Ta imel na rubuto saboda in na kira ka, da dariya za ka kashe maganar.

Kai ka koya mini foka, wasan katin nan, a waya. Kai ka jawo ni teburinmu na ranar Lahadi, ka rantse mini ba caca ba ce tunda ko kwabo ba ya shiga, ƙwayoyin wasa ne kawai da neman suna. Kai ka cika mini kunne cewa duk wanda aka raba wa As biyu ya riƙe hannun da babu na sama da shi, don haka ya ƙara, ya sake ƙarawa, ko ɗan'uwansa ne a gabansa.

To jiya a falon Anti Abiba, bayan an fitar da ni daga wasan, ina gefenka ina kallon wayarka. As biyu, Uwaisu! Hasiya daga can Tompkinsville ta turo ƙwayoyinta kaf tsakiya. Ina jira ka kwashe su ka kore ta, sai ga saƙonta ya faɗo saman wayar. Ka karanta, ka gyara zama, ka zubar da katinka.

Ni fa? Wancan makon da 'yan goma-gomana biyu ka share ni tas, har da cewa wasa bai san zumunci ba. Tun ina sabuwar zuwa garin nan kake raka ni tashar jirgi, amma ba ka taɓa ɗaga mini ƙafa ko sau ɗaya ba. Kishi nake, na faɗa, sai me? Me ta rubuto maka?

Ka huta lafiya, in ka iya.
Ilham

*

Morris Heights

Zuwa ga ƙanwata Ilham,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, aikin asibiti kuma Allah ya kawo sauƙi, amin.

Gaskiya ne As biyu ne, gaskiya ne na zubar. Duk wanda ya san wasan zai ce na yi wauta, ban kuma musa ba. Amma wallahi tsakanina da Hasiya babu komai sai mutunci. Sauran bayanin magana ce da ke hannun manya, ba ta isa fitowa ba tukuna. Ranar da ta isa, ke ce ta farko da zan so ta taya ni murna.

Ki huce, don Allah.

Naki,
Uwaisu

*

Hasiya,

Sallama. Ina taya ki murnar cinye teburi. Ki sani dai ba iyawarki ba ce, As biyu aka zubar miki a idona. Na tambayi mai su, ya ce maganar tana hannun manya, ya kuma kira ni ƙanwarsa, sunan da bai taɓa ba ni ba. Tunda mun yi zaman ɗaki ɗaya ni da ke, na isa in ji daga bakinki. Tun yaushe?

Ki gaida gida.
Ilham

*

Tompkinsville, Staten Island

Ilham tawa,

Wa alaikumus salam. Kai, kin kashe ni da dariya! Ni da Uwaisu? Mutumin da ke gyara wa mutane riƙon cokali? Allah ya kiyashe ni.

Ranar ina kicin ina fama da miyar taushe. Kawu Kassim ne ke riƙe da wayata. Tun da ƙafarsa ta hana shi tuƙin tasi zaman gida ya ishe shi, ya ce sai na nuna masa wasan nan. Bai san komai ba, baiwar Allah. Kowane rabo sai ya tura komai, wai namiji ba ya tsoro. Bakwai da uku ne fa a hannunsa! Shi ne na ɗauki wayar aiki na rubuta wa Uwaisu: «Kawu ne a kan kujerata.»

To ke ki ce ya yi yaya? Ya kori surukinsa daga wasa a gaban jama'a? Mutumin da ko ruwa ba ya iya sha a gaban Kawu, in ya shigo gidan nan a bakin ƙofa yake durƙusawa? Kawu ne waliyyin Hanan, ƙanwata, ɗalibarki. Tun bayan ƙaramar sallah Uwaisu ya turo manyansa, an kusa sa rana. Kawu kuwa har yau yana ba abokansa labarin yadda ya firgita gwani.

Na tsaya na sake karanta wasiƙarki, sai dariyar ta tsaya mini. Ilham, ashe da gaske kike? Wallahi na ɗauka kin sani. Na ɗauka shi ya sa kike haye jirgin ruwa duk Asabar ki zo ki yi mata bitar jarrabawar aikin jinya. Yarinyar nan ba ta da zance sai Anti Ilham, har ta ce ke za ki riƙe mata hannu ranar kai amarya, ita ma kunya ce ta hana ta faɗa miki. Me zan ce mata?

Ki kira ni, don girman Allah.

Taki,
Hasiya

*

Hasiya,

Sallama. Ki yafe mini.

Kar ki ce mata komai. Jarrabawarta ta matso, kuma har yanzu tana rikita lissafin magani. Zan zo Asabar.

Alfarma ɗaya nake roƙo. In na shigo ban kula ki ba, ki ƙyale ni. Bar ni in ci gaba da jin haushinki na ɗan lokaci, ke kin iya ɗauka. Na kwana biyu ina gwada jin haushin Hanan, na kasa.

Ki gaida Kawu.
Ilham