Yajin Aljihunku da Maƙogwarona

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Walwalar Ma'aikata na masaƙarmu da ke Sharada.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya ku da iyali, ni ne tsohon nan na ɗakin rini da aka kwasa ranga-ranga a adaidaita sahu ranar walimar masu ritaya. Numfashi ya dawo, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Na farko, jikina ba ya karɓar gyaɗa. Na san abin dariya ne a ji haka daga Bakano jikan manomin gyaɗa irina. Tun ina saurayi ake dariyar, har yau ba ta warkar da ni ba. Da ta shiga bakina sai leɓe ya kumbura, maƙogwaro ya toshe. Ba tsirfa ba ce.

Na biyu, kafin walimar na taka da ƙafata na gaya wa Hajiya mai girki. Allah Ya saka mata, ta zuba mini shinkafa da wake da manja, har ludayi ta ware. Na je wanke hannu, ku kuma, ranku ya daɗe, kuka ga kwanon dattijo ba yaji, tausayi ya kama ku. Kuka zaro gwangwanin yajin nan na aljihunku, wanda maiɗakinku ke daka muku da ƙuli-ƙuli, kuka barbaɗa, har da juyawa. Girmamawa ce, na sani. Loma uku na yi.

Na uku ya fi ci mini rai. Da kuka zo dubiya, cewa kuka yi ai ƙuli ba gyaɗa ba ce tunda an matse man, wataƙila ma bisimilla na manta. Na yi bisimilla, Alhaji, da ƙarfi ma. Yanzu kuma na ji kwamiti ya yanke a riƙa ƙulle mini nawa a leda in tafi gida. Furfurata a kan tabarmar walimar nan ta fito, yau a tashe ni saboda yajin wani?

Roƙona kaɗan ne. Kafin a zuba wa mutum abu a tambaye shi. In ya ce a'a, a bar cewa ko loma ɗaya don albarka. Maganar leda kuma a janye ta.

Allah Ya ƙara muku lafiya da basira, Ya bar zumunci. Walima mai zuwa kusa da ku zan zauna, hannuna a kan murfin kwanona.

Wassalam.

Malam Sule na ɗakin rini, Panshekara.