Fitilar Ƙofar Gida

Ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya mahaifiyarka, ya mai jego? Albishir ɗin haihuwa ya same ni ina ban ruwan fulawa, na yar da mesa ina ta dariya har mai gadi ya ɗauka na zare. Allah ya raya min amaryata. Ka ce mata angonta na nan tafe, furfura ba za ta hana ba.

Ni lafiya lau, gwiwa ce kawai. Lambun da nake kula da shi na masu gidajen unguwar da nake aiki ne, kujerunsa ba na irinmu ba ne, a tsaye nake cin abinci. Ba komai.

Sai dai mahaifiyarka ta ce fitilar da na kafa a ƙofar gida ka juya ta ciki, wai maƙwabta ba sa taimakawa da kuɗin wuta. Ta ce ungozomar da ta karɓi haihuwar ta faɗa kwata cikin duhu a lungunmu, tana kwance da karaya.

A makarantar yamma malaminmu ya raba mana kaya gida biyu. Burodi in ka ci wani ya rasa, naka ne, ɓoye abinka. Hasken hanya kuwa, mutum ɗari su wuce ƙarƙashinsa naka bai ragu ba. Kai da ka yi boko tun ƙuruciya ai ka fi ni sani.

Ka mayar da fitilar waje, ka je ka duba baiwar Allahn nan. Kafin nan kada ka turo min hoton yarinyar. Ina mararin ganinta, amma ba da wannan kunyar ba.

Mahaifinka.