Gicciye da Da'ira

Litinin, 14 ga Disamba

Na ɓoye wasiƙar da ba tawa ba. Ban gaya wa kowa ba, ko Kaltuma ƙawata.

Jiya, ranar kasuwa, Aghali ya tsaya da moto, babur ɗinsa, a ƙofar gidanmu. Baba ne ya koyar da shi can a lakwal, makarantar makiyaya, shi ya sa duk sanda ya shigo Belbeji yake kawo mana cuku. Wannan karon bai ko sauka ba. Ya miƙo mini takarda a ninke ya ce, "Radiya, ki ba Mushe hannu da hannu." Mushe shi ne Baba, haka 'yan lakwal ke kiran malami. Yana Tanut. Na buɗe.

Tifinag ne, rubutun Abzinawa, duk ɗigo da zane. Baba ya iya, ni ban iya ba. Haruffa biyu kaɗai na sani, gicciye da da'ira. Kaltuma, da yake Ba'abziniya ce, ta taɓa zana mini su a bayan kaye, littafin rubutuna, ta ce ana karanta su "tara", wato so da yarensu. Kuma da su wasiƙar ta fara!

Saurayi ya rubuto wa uba maganar so. Wa yake nema? Yaya Mu'minat mana, wa ke ganina ni. Na cusa ta cikin littafin soyayyar Kaltuma da nake karantawa, shafi na 88.

Laraba, 16

Baba ya dawo. An ba shi shugabancin biron zaɓe a wani zango bayan Tarka. Shi zai kai akwati ranar Asabar ta sama.

Juma'a, 18

Tun da tsohon depite, ɗan majalisarmu, ya rasu, mutum biyu ke neman kujerarsa, kuma gari ya rabe. Mai shayin layinmu ya daina kunna rediyo. An ce ƙuri'un makiyaya ne za su raba gardama.

Litinin, 21

Wata mato marar lamba ta tsaya bakin lakwal. Mutum biyu suka gaida Baba da fara'a. Na ji ɗayan yana cewa, "Mushe, hanyar rijiya za ku bi ko ta sama? Ta rijiya ta fi sauƙi." Baba ya ce sai yadda direba ya gani. Da ya shigo bai ci tuwo ba.

Talata, 22

Aghali bai zo kasuwar wannan mako ba. Wayarsa ba ta shiga, in ji Yaya. Ashe tana da lambarsa.

Alhamis, 24

Na kasa haƙuri. Na kwafi layin farko na kai wa kakar Kaltuma, na ce a bango na gani. Ta kai takardar dab da ido, ta yi dariya. "Jikata, wa ya ce miki so ne? Kin tsaya a tsakiyar kalma, saura haruffa biyu. Tarrayt ne. Hanya." Ta bi sauran da yatsa, dariyar ta ɗauke. "Hanyar rijiya, kada... Ina ragowar?"

Na ce iyakar abin da na gani ke nan.

"Wane bango ne wannan?" Na karɓe takardata na fito.

Juma'a, 25

Baba yana ɗaure tabarma da buta. Ya ce wa Inna direba ya zaɓi ta rijiya, gobe da hantsi za su tashi.

Kwana goma sha biyu wasiƙar tana hannuna. Zai tambaye ni dalili, gaban Inna, gaban Yaya, kuma ba ni da ƙaryar da za ta rufe. Watakila ba zai ƙara aikena ko sayen ashana ba.

Na ciro ta daga shafi na 88. Littafin na mayar wa Kaltuma, ban duba ko sun yi aure a ƙarshe ba.

Yana alwalar la'asar. Yana sallamewa zan ba shi, hannu da hannu.