Habbanayen Littattafai

Da sunan Allah. Ni Almustafa, tsohon diraktan lakwal, wato makaranta, a Belbeji, na sa aka rubuta wa 'ya'yana wannan wasiyya da hankalina cif. Idanu ne kawai suka gaji.

Na ɗaya. Gida na uwarku Aminatu ne har ranta. Gonar Gangara ku raba yadda shari'a ta ce, a gaban liman. Ba wanda ke bina ko allura.

Na biyu. Littattafan zaure ba sa cikin gado, na riga na ba Malama Raishatu. Kun san ta tun tana koyarwa a ƙarƙashina, tana kuka duk shekara in makiyaya sun yi arewa da rabin ajinta. Ni na ce ta bar kuka, ta tafi jami'a a Damagaram ta yi mastar, wato digiri na biyu, a kan wannan matsala. Na riga na ajiye alli, amma na koma na riƙe mata ajin don kada a rufe shi. Mun bi rijiyoyi a babur muna tambayar iyaye. Sau biyu ta ce ta bari, na ce sai dai in bayan raina. Da ido ya ƙi, ita ke karantawa, ni ina gyara da kunne, muna faɗa kamar 'yan kasuwa.

Ranar da ta tsaya kare aikinta a gaban malaman jami'a, da hannu aka ja ni zauren taron. Na ji manyan malamai sun miƙe mata. Na yi kuka, ban ɓoye ba. Bana a lakwal ɗinmu, yaran makiyaya sun dawo sun tarar an tsara musu yadda za su cim ma 'yan ajinsu. Ban taɓa cin nasara irin wannan ba.

Na uku. Ba kyauta na ba ta ba, habbanaye ne, irin na maƙwabtanmu Fulani: a ba ka karsana, ta haifa maka, sannan ta koma garken mai ita. Ta haifa wa Raishatu. Yanzu lokacin komawa ya yi, kuma ta yarda.

Na huɗu. Haris, da kai nake. Ka daina gaishe ta, kana cewa ita ta cinye idanuna. Ni na kashe abina, kuma da zan samu wasu zan sake. Na san abin da ke cin ranka: kana malamin kwantaragi shekara da shekaru, ubanka ya ɗaga 'yar wani. Na yi maka tayin irin wannan karatun, girman kai ya hana ka zama gabana. To, zauna gabanta. Ka je da ƙafarka, ka yi sallama, ka ce ka zo karɓar karsanar babanka. Za ta riƙe ka har ka gama, kuma ba ta da sauƙi, ni na koya mata.

Zuhaira, ke ce babba. In ya yi nawa, ja shi da kunne. Kada ku bar zumunci ya mutu a hannunku.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku. Ranar da Haris zai kare nasa aikin, ku bar mini kujera ɗaya a gaba.