Gadar Ta Tsaya

Daren Laraba, Gombe

Jikina duk ciwo yake, amma sai na rubuta wannan. Yau aka turo min bidiyon gadar nan mai rataye da igiyoyin ƙarfe, wadda na yi wa aiki a ƙasar waje. An yi girgizar ƙasa a can jiya. Gadar ta yi lilo da motoci a kanta, bisa fayafayan roba masu kauri da muka tsara sakawa tsakaninta da ginshiƙanta, sannan ta dawo ta zauna daram.

Zanen nawa ne, amma Kamal ake ta yabo, wanda aka ba kujerata. Abin ya ci min rai. Sai dai gaskiya, shi ya tsaya aka kafa fayafayan bayan na yi zuciya na taho.

Na nuna wa Bulus, abokin aikina, a bakin kwalbatin da muke ginawa a Pantami.

"Injiniya, an ambaci sunanka?"

Na ce ko kusa.

"Mutanen cikin motocin nan fa, sun isa gida?"

"Sun isa."

"To, madalla."

Da magariba na yi wa Kamal barka. Juma'a ni ma zan je gida Katsina. Rabona da yarana tun Ƙaramar Sallah.