Baba Ya Ce Yana Iyawa

Zuwa ga Shugabar Sashen Tallafin Tsofaffi,
Greensboro.

Ranki ya daɗe, ina gaisuwa da fatan alheri. Ya aiki, ya haƙuri da jama'a?

Sunana Hadiza. Mahaifina, Malam Garba, ya daɗe yana dakon kaya a wani sito a Wendover, har shanyewar ɓarin jiki ta kayar da shi bara. Ni aiki nake, matakalar gidanmu kuma ta fi ƙarfinsa, dole muka kai shi gidan kula da tsofaffi. Fanshonsa bai kai kuɗin ɗakin ba, muka nemi tallafinku. Makon jiya aka amince. Alhamdu lillahi, tun ranar nake jin ɗanɗanon abinci a bakina. Na gode. Sai dai da farko an ƙi mu, kuma a kan haka nake rubutu.

1. Ma'aikaciyarku ta je ganinsa ina wurin aiki. Ba a sanar da ni ba, ba a kira tafinta ba, alhali ciwon ya tafi da rabin Turancinsa.

2. Ta tambaye shi ko yana wanka da zagayawa da kansa, ya ce yana iyawa. A wajenmu dattijo ba ya buɗe baki ya gaya wa sa'ar jikarsa cewa wanke shi ake yi. Aka rubuta ba ya bukatar kulawa, mutumin da ko maɓallin rigarsa sai an sa masa.

3. Gidan tsofaffin suka ba mu wa'adin mu ɗauke shi. Na fara haɗa masa kaya a ɓoye, ina lissafin ajiye aikina. Da na ɗaukaka ƙara aka turo namiji mai haƙuri, da tafinta ta waya. Ni ma fita na yi na ja ƙofa, don a gabana ma ba zai faɗa ba. Ranar ya faɗi gaskiya.

Roƙona, kada a sake tambayar tsoho irin wannan ba da sanin iyalinsa ba. A kawo tafinta. A tura namiji ga namiji, mace ga mace. Akwai tsofaffin da ba su da 'yar da za ta bi musu sawu.

Baba yana nan a ɗakinsa. Jiya na tarar yana koya wa wani tsohon Bature dara da murafun kwalba, yana cinye shi ba tausayi.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya ba ki masu kula da ke ranar da ƙarfi ya ƙare.

Wassalam.

Hadiza Garba